Borin Jinin Karen Sarkin Samari

Idan ana maganar mutanen da aka zalunta ba su ji ba ba su gani ba, to a sa Jatau a sahun gaba. Bawan Allah ne da bai taɓa cutar kowa ba, in ka ɗebe 'yar maganar shekaru, wadda ita ma ba ƙarya ba ce, rangwame ne. Amma ku ji abin da karensa ya yi masa a bainar jama'a. Karen da ya raina da hannunsa tun yana ɗan kwikwiyo, ido ko buɗewa bai yi ba!

Jatau shi ne Sarkin Samarin mafarautan Dutsen Gayya, kuma shekara goma sha tara ke nan yana kan sarautar. Ranar fita daji shi ke shiga gaba, shi mai kiɗan komo ke fara wasawa, shi ake miƙa wa cinyar dabbar farko da aka kayar. In ya ratso kasuwa da rigar layu, hula a karkace, barandami a kafaɗa, har masu dama fura sukan tsaya da ludayi a sama suna kallonsa. Shi dai haka ya faɗa, kuma ba shi da dalilin yin ƙari.

Su mafarautan garin ba ruwansu da takardar haihuwa, don a cewarsu takarda kowa na iya sawa a rubuta masa abin da yake so. Gemu suke dubawa. Duk shekara, ranar buɗe farauta, Sarkin Samari zai fito fili da karensa, ya durƙusa, ya kafa baki a kunnen karen ya yi masa raɗar fita daji. Daga nan sai ya ja gwiwa zuwa gaban Sarkin Dawa da dattawa, ya ɗaga haɓa a duba. In aka ga furfura ko da sili uku ne, sarauta ta faɗi, a naɗa wani a nan take. Ba a kuma yarda ka aske gemun ba. Wanda ya aske ya amsa laifinsa da kansa.

To, shekarun Jatau talatin da tara ne. Sun daɗe a haka, sun sami wuri sun zauna daram, ba sa gaba ba sa baya. Gemunsa kuwa baƙi ne wuluk, yana sheƙi kamar bayan hankaka. Masu baƙin ciki suna ta ƙananan maganganu, wai ɗansa na fari har ya aurar da 'ya. To sai me? Mutum ba shi da ikon yin aure da wuri?

Gaskiya ne dai akwai wani ƙaramin kwali mai 'yar kwalbar rini a ciki da yakan tafi kasuwa ta uku daga garinsu ya sayo, inda ba mai saninsa. Gaskiya ne kuma yana ɓoye shi a can ƙasan kwarin kibau. Duk safiyar Alhamis yakan kulle kansa a ɗaki da madubi da tsohon burushin haƙori, ya ce wa matarsa Tabawa wuridi zai yi, kada a dame shi. Tabawa ba ta taɓa cewa komai ba, illa wata rana da ta ce, "Malam, wuridin nan naka yana ɓata mini tawul." Amma wannan ai gyara ne. Wanda ya shafe bangon gidansa ba a ce ya yi ƙaryar gida ba.

Masifar ta faro ne daga bakin Ɗanliti. Shi Ɗanliti wani maharbi ne mai dogon wuya da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan sarautar, yaron da a gaban Jatau aka yi masa kaciya. Jatau ya ce shi ma a lokacin ƙaramin yaro ne ƙwarai, leƙe kawai ya je yi.

Saura wata guda buɗe farauta, ana zaune a gindin tsamiya ana gyaran tarkuna, Ƙyalesu karen Jatau yana kwance yana haki. Baƙin kare ne mai faɗin ƙirji, shekararsa tara, kuma babu zomon da ya taɓa ganin ƙeyarsa ya kwana lafiya. Sai Ɗanliti ya ƙura masa ido, ya riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Jama'a, ku dubi bakin Ƙyalesu. Furfura ce fa ta zagaye shi."

Aka duba. Ga ta nan kuwa, fari-fari a gefen baki da ƙasan haɓa, kamar ya tsoma baki a ƙwaryar gari.

"Allah mai iko," in ji Ɗanliti. "Karen da aka haifa jiya-jiya ya tsufa, ubangidansa kuwa ko sili ɗaya babu. Ranka ya daɗe, me kake ci ne da ba ka sam masa?"

Aka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Jatau ma ya yi dariyar, irin wadda ba ta wuce haƙora ba. Ya ce, "Kwanciyar hankali nake ci, Ɗanliti. Ba a sayar da ita, da na saya maka."

Amma maganar ta bi shi har gida. Ya zauna ya auna ta sama da ƙasa, ya ga inda haɗarin yake. Ranar taro, fuskarsa da ta karen za su haɗu wuri ɗaya a gaban dattawa. Ga fari, ga baƙi. Duk wanda ya ga furfurar kare zai tuna da furfura, wanda ya tuna da furfura kuwa zai ƙara matso da ido. Ai wannan kare ya zama ɗan leƙen asiri a cikin gida.

Ranar Alhamis, da ya gama wuridinsa, sai ya ga rini ya yi saura a murfin kwalba. Jatau ba almubazzari ba ne. Ya leƙa tsakar gida, ya ga Tabawa ta shiga maƙwabta, ya yi fito a hankali.

"Zo nan, abokina. Zo a maido maka da ƙuruciyarka."

Ya matse kan karen tsakanin gwiwoyinsa, ya bi bakin nan da burushi sili-sili, ya gyara gefe da gefe, har da ɗan ƙari a gira. Da ya gama ya ja da baya ya duba. Kai! Ƙyalesu ya koma ɗan shekara biyu. Nan da nan ya saka masa igiya, suka ratsa kasuwa sau biyu, tafi da dawowa, ba don suna da abin saye ba. Ya bi ta ƙofar gidan Ɗanliti ya yi gyaran murya har sau uku.

Kafin la'asar Ƙyalesu ya fara susa. Ya sosa da ƙafar dama, ya sosa da ta hagu, ya ga ƙafa ba ta isa ba ya koma goga baki a bango. Sai atishawa, ɗaya na bin ɗaya, kamar wanda ya faɗa cikin turmin barkono. Da gari ya waye, abin da Jatau ya tarar a zaure bai yi kama da kare ba. Leɓe ya kumbura ya rufe haƙora, hanci ya yi suntum, idanu sun yi jawur sun koma 'yan tsaga biyu. In ka gan shi daga nesa sai ka ce ɗan dorina ne aka ɗaura wa wutsiya. Kuma duk da haka yana kaɗa wutsiyar.

Tabawa ta fito ta dubi karen, ta dubi bangon zaurenta da ya sha zanen baƙi tun daga ƙofa har kwana.

"Malam, shi ma wuridin ya fara?"

"Kambun baka ne!" in ji Jatau. "Bakin Ɗanliti ne ya kama shi. Ke ba ki ji yadda ya sa masa ido ba?"

Kafin hantsi zaure ya cika da masana. Wani ya ce ƙazuwa ce, a shafa masa baƙin man mota. Wani ya ce kunama ya haɗiya. Wani ya ce ai ya ga irin wannan a Gwari, sai an yi masa turaren gashin bushiya. Jatau ya yi ta gyaɗa kai yana cewa ƙwarai kuwa, amma da ya ji numfashin karen ya fara fita da ƙara, sai ya sallami masanan. Ya naɗe shi a buhu, ya ɗora a babur, sai asibitin dabbobi na cikin birni.

Likitar da ya tarar wata 'yar siririya ce mai tabarau, Dokta Laraba. Ta ɗago kai ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Me ke damunsa?"

Jatau ya waiga don ya ga baban da ake yi wa magana. Babu kowa a bayansa sai bango.

"Yaya dai, Likita. Yaya Jatau."

"To, Yaya Baba, ɗora shi a teburin nan."

Kun ji fa. Tun ba a fara ba an fara.

Ta yi wa karen allura tukuna, ta jira numfashinsa ya daidaita, sannan ta ɗauko biro ta shiga tambaya. An canza masa abinci? A'a. An yi masa wanka da sabon sabulu? A'a. Ya shiga wata ciyawa da bai saba shiga ba? A'a. Ta buɗa gashin bayansa tana neman ƙuma da kaska, ba ta samu ba, ta leƙa kunnuwa, ta duba tsakanin yatsu.

"Abin a baki kaɗai ya tsaya, da gira. An shafa masa wani abu a wurin?"

"Wa? Ni? Me zan shafa wa kare, Likita? Amarya ce?"

Ta ciro auduga, ta jiƙa da ruwan magani, ta goga a gefen bakin Ƙyalesu. Auduga ta fito baƙa ƙirin. Ta sake ciro wata, ita ma haka. A ta uku sai ga fararen silin gashi sun leƙo suna gaishe da jama'a.

Dokta Laraba ta dubi audugar. Ta dubi gemun Jatau. Ta sake duban audugar. Sannan ta ɗaga ta a hankali ta kara kusa da haɓarsa, yadda tela ke kara zare a jikin yadi.

"Kala ɗaya," ta ce.

"Maƙiya ne!" Jatau ya dafe ƙirji. "Wallahi maƙiya ne suka shigo suka rina mini kare. Ke ba ki san garinmu ba."

"Maƙiyan nan suna da tsabtar aiki. Dubi yadda suka fitar masa da gira, ko ɗigo bai zuba ba."

Jatau ya so ya ji haushi, amma yabo yabo ne. Ya ce, "Ai hannu ne."

Ta zauna ta yi masa bayani. Ta ce abin da ya sami karen borin jini ne. Yadda wani mutum in ya ci gyaɗa ko kifi jikinsa ke tashi, haka karnuka ma kowanne da abin da jikinsa ba ya shiri da shi. Wani cizon ƙuma ne, wani abinci, wani ciyawa. Na Ƙyalesu rinin gashi ne. Kuma tunda jikinsa ya riga ya gane abin, yanzu kaɗan ma ya ishe shi. In ya sake taɓa fatarsa, ciwon zai dawo, ya fi na farko, kuma in kumburin ya sauka maƙogwaro, babur ba zai kawo shi nan a kan lokaci ba.

Jatau ya matso kusa, yana murza hularsa.

"To, Likita, a ce misali. Misali fa. Wani abokina yana da gemu, kuma gemun yana ɗan shan gyara. In ya kafa baki a kunnen karen nan ya yi masa raɗa, gemun ya gogi kunnen..."

"Ka gaya wa abokinka ya zaɓa. Ko rinin, ko karen."

"In ya bar sabon shafi fa, ya tsaya a kan na da?"

"Ni dai ba zan ɗauki alhakin ba. Ya sa almakashi ya datse duk inda rinin ya taɓa, ya bar sabon tsiro. A wanke tawul, a wanke tabarma. Karen kuma wata guda ba mai, ba romo, ba ragowar miya. Tuwo da dafaffen nama zalla, har fatar ta kwanta."

A hanyar komawa gida Jatau ya yi ta saƙa da warwara. Ya ari karen wani? Duk garin an san Ƙyalesu, kuma Sarkin Samarin da ya fito ba karensa, shi ma ya sauka. Ya yi raɗar daga nesa? Da ya gwada wa Tabawa wannan shawara, cewa ta yi, "Malam, raɗa daga nesa ai sunanta ihu."

Ya zauna a zaure ya dubi karen. Karen ya dube shi ta 'yan tsagar idanun nan, ya jawo jiki ya ɗora kumburarren bakinsa a kan takalminsa. Shekara tara suna tare. Karen da ya taɓa shiga tsakaninsa da gyadon da ya yi niyyar farke masa cinya.

Jatau ya tashi ya zazzage kwarin kibau, ya ɗauki kwalin ya jefa a masai, yana jin kamar ɗan'uwa ya binne. A rubuta wannan a ajiye, don masu cewa ba shi da kirki.

Bayan mako biyu, da sabon tsiro ya fito, ya kulle ɗaki ya sa almakashi. Da ya gama ya ɗaga madubi, sai da ya zabura ya ce, "Salamu alaikum, Baba!" Marigayi mahaifinsa ne sak ke kallonsa. Ba sili uku ba, ba talatin ba. Fari fat, kamar audugar da aka shanya a rana. Ashe duk shekarun nan abin da ake ƙullawa a ƙarƙashi ke nan, ba wanda ya gaya masa.

Tun daga ranar da ya dawo daga asibiti dama ya naɗa rawani ya ja amawali har hanci, ya ce ciwon haƙori yake. Mutanen Dutsen Gayya kuwa akwai zumunci. Kowa ya zo dubiya da ƙullin kanumfari, kuma ba mai tafiya sai ya ga an tauna. Jatau ya ci kanumfarin da ya isa a yi yajin masu jego goma. Ɗanliti kaɗai ya zo sau huɗu.

"Ranka ya daɗe, kware in gani mana. Kakata ta bar mini tofin haƙori."

"Likita ta hana iska ta taɓa shi," in ji Jatau ta cikin rawani.

"Wace likitar? Ta karen?"

"Ai hannunta ɗaya ne. Sauka lafiya, Ɗanliti."

A ɗaki kuwa bincike ake ba dare ba rana. Ya gwada tawada, alwala ɗaya ta tafi da ita. Ya gwada kwalli, gemun ya fito shuɗi-shuɗi yana walƙiya kamar wuyan tantabara. Ya shinshina man goge takalmi, ya tuna da maƙogwaron Ƙyalesu, ya mayar da murfin. Saura kwana biyu, yana zaune ya rafka tagumi, sai ya ga Tabawa tana kankare gindin tukunya, hannunta ya yi baƙi, tana ta wankewa da ruwa yana ƙin fita saboda maiƙo.

Jatau ya miƙe tsaye. Kaifin basira irin wannan ba a koyar da shi a makaranta.

Ya kankaro baƙin tukunya cikin gwangwani, ya kwaɓa da man shanu, ya shafa. Jama'a! Ko rinin kanti bai taɓa ba shi baƙi irin wannan ba. Ga sheƙi, ga laushi. Ya kira Dokta Laraba a waya ya tambaye ta ko baƙin tukunya na tayar da borin jini. Ta ce ba ta taɓa cin karo da shi a littafi ba, kuma don Allah kada ya gaya mata dalilin tambayar.

Ranar buɗe farauta fili ya cika ya batse. Mafarauta daga ƙauyuka bakwai, karnuka na ta haushi, bindigogin toka na tashi, mata na rangaɗa guɗa a bayan dandali. A inuwar kuka an shimfiɗa doguwar tabarma, Sarkin Dawa Nomau na zaune a tsakiya, tsoho mai shekara tamanin da 'yan kai, dattawa sun jeru dama da hagu, gemu fari bayan gemu fari, kamar an jera tafarnuwa a faifai.

Sai ga Jatau. Ba rawani, ba amawali. Haɓa a sama, gemu na ɗaukar ido, Ƙyalesu na gefensa ya warke sarai, furfurarsa a waje, ba abin da ya dame shi. Mai komo ya zuba kirari, fili ya ɗauka. Jatau ya hango Ɗanliti ya saki baki, sai daɗi ya kwashe shi. Maimakon ya wuce kai tsaye a yi abin da ya kawo shi, sai ya ce a ƙara kiɗa. Ya yi rawa ya zagaya fili. Ya sake zagayawa. Ya yi tsalle ya dire, ya wulwula barandami, ya je gaban Ɗanliti ya shafa iska kusa da gemun, don shafa gemun kansa ba ta taso ba.

Rana kuwa ta bazara ce, ta take tsaka. Man shanu ba ya wasa da rana. Tun a zagaye na biyu ya fara narkewa, wani ƙamshi ya fara tashi, irin na tuwon da aka kwashe yanzu aka zuba wa mai. Wasu ƙudaje uku suka shiga rawar. Ƙyalesu ya ɗaga hanci sama. Kare ne da ya yi kusan wata guda bai ga maiƙo ba, ga shi tun jiya ba a ba shi komai ba, don ba a fita daji da ƙosasshen kare.

Aka tsayar da kiɗa. Fili ya yi tsit don a yi raɗa. Jatau ya durƙusa, ya dafa wuyan karen, ya kai baki kunnensa.

"Ƙyalesu, yau ranarmu ce, ka..."

Laɓ!

Harshe ɗaya, tun daga maƙogwaro har leɓen ƙasa. Wani farin titi ya buɗe a tsakiyar gemun, ɗoɗar.

"Kai! Bari! Ƙyalesu, ni ne fa!"

Ina! Karen ya ɗora ƙafafu biyu a kafaɗunsa, ya kayar da shi rigingine, ya hau aiki. Ya lashe dama, ya lashe hagu, ya bi saje har kunne, wutsiya na kaɗawa kamar za ta tsinke. Sauran karnuka suka ji ƙamshi suka fara fizgar igiya. Jatau na ta shure-shure yana kiran sunayen Allah, hula ta yi gabas, barandami ya yi yamma. Da ƙyar mutum uku suka janye karen, yana lasar baki, harshensa baƙi ƙirin.

Jatau ya tashi zaune. Gemun nan ya koma kamar jikin zabuwa. Wata mata ta fara guɗa, ta katse a tsakiya, ta fashe da dariya.

Duk da haka bai karaya ba. Ya rufe haɓa da tafin hannu biyu ya ce ƙura ce, ƙurar fili ce, a ba shi minti biyar ya shiga gida ya kimtsa. Har wasu sun fara buɗa masa hanya. Sai aka ji muryar Ɗanliti, cike da tsoron Allah.

"Haba jama'a! Yawun kare a fuskar Musulmi, ga azahar ta kawo kai, ku bar shi ya tafi da najasa? Wannan ai sai an wanke sau bakwai!"

Ɗanlitin da ba a taɓa gani a sahun farko ba, yau shi ne da buta a hannun dama, sabulu a hagu. Inda ya samo su a tsakiyar fili, Allah kaɗai ya sani. Dattawa suka gyaɗa kai, suka ce yaron nan ya yi gaskiya. Aka riƙe Sarkin Samari da ladabi, aka sunkuyar da shi da girmamawa, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya! Biyu! A na uku ruwan ya daina fita baƙi. A na biyar ba abin da ya rage sai gaskiya. Amma Ɗanliti ya ce ba a rage wa ibada, sai da ya cika bakwai.

Aka kai shi gaban tabarma. Ya ɗaga haɓa, don ba yadda zai yi. Gemu ya sha wanka, ya bushe a rana, ya tashi fari tas har yana kashe ido. A duk jerin dattawan nan ba wanda nasa ya kai shi haske.

Sarkin Dawa Nomau ya sa hannu ya kare ido, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.

"Jatau, sili uku muka zo nema. Ta ina za mu fara?"

Wani ne da tuni ya rushe. Jatau kuwa ya gyara durƙuso, ya share ruwan da ke ɗiga, ya yi fuskar wanda aka ci amanarsa.

"Allah ya ja zamanin Sarki, wannan ba furfura ba ce. Kowa a nan shaida ne, da baƙin gemu na shigo filin nan. Yawun karen ne. Tun da ya yi borin jinin nan yawunsa ya canza, duk gashin da ya lasa koɗewa yake nan take. Lalura ce ta same ni, ranka ya daɗe. Yaro ɗan talatin da tara, dubi yadda kare ya mayar da ni!"

Tsohon ya shafa nasa farin gemun tun daga sama har ƙasa, ya dubi dattawan dama, ya dubi na hagu, ya gyaɗa kai cike da tausayi.

"Gaskiyarka, Jatau. Mu ma duk nan da ka gan mu, kare ne ya lashe mu. Ku matsa masa a tabarma."